Sintirin unguwa: abin da ke raya ƙungiya da abin da ke lalata ta

Kusan duk ƙungiyar sintirin da ka gani a unguwannin Kano, Kaduna ko Zariya, wani tashin hankali ne ya haife ta. An haura gidaje uku a dare ɗaya, ko an soki wani ɗalibi da wuƙa a kan wayar da ba ta taka kara ta karya ba. Washegari bayan sallar Isha'i sai a taru a ƙofar gidan mai unguwa, rai a ɓace, kowa na cewa abin ya isa haka. A daren ake naɗa shugaba, a yanke abin da kowane gida zai riƙa bayarwa, matasa su yi layi su ba da sunayensu. Makon farko har dattawa na fitowa da tocila. Bayan wata uku ko huɗu sai ka ji usur ya yi shiru. Wani lokacin kuma ƙungiyar takan rayu, amma ta rikiɗe ta zama abin tsoro ga mutanen da suka kafa ta, wannan kuwa ya fi mutuwar muni.

Ba ƙarancin jarumai ke jawo ko ɗaya daga cikin biyun ba. Jarumai muna da su har sun yi yawa. Abubuwan da ake rasawa ba su da armashi, shi ya sa ba a tuna su a taron da aka yi cikin fushi: jerin gidajen unguwa, littafin kuɗi, da rubutacciyar ƙa'idar abin da za a yi a rabin awar da ke biyo bayan kama mutum.

Dalilin da ya sa mutane ke tashi su tsare kansu a bayyane yake. Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, an kuma shafe shekaru ana muhawarar 'yan sandan jihohi. Jami'an rundunar ba su kai dubu 400 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. A da Arewa na da 'yan dokan En'e, waɗanda gwamnatin Janar Gowon ta narkar cikin 'yan sandan tarayya. Su ma ba tsarkaka ba ne, tsofaffin 'yan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsu. Amma a ƙarƙashinsu akwai wata sarƙa ta sanayya: mai unguwa, dagaci, hakimi, kuma baƙo ba ya kwana a unguwa ba tare da an san mai masaukinsa ba. Yau ka shiga unguwannin awon igiya da ke gefen birni, inda gida ɗaya ke ɗauke da 'yan haya biyar da ba su san sunan juna ba, ka tambayi mai unguwa mutum nawa ke ƙarƙashinsa. Ba laifinsa ba ne idan ya kasa amsawa, garin ne ya fi ƙarfin tsohon tsarin.

Wannan sanayyar ita ce ainihin maganar. A 1997 Robert Sampson da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a unguwanni 343 na birnin Chicago a Amurka. Sun gano cewa unguwannin da maƙwabta suka yarda da juna, suke kuma iya tsawata wa yaron da ba nasu ba, sun fi ƙarancin kisa da faɗace-faɗace, ko da talaucinsu ɗaya da na wasu. Shirin sa ido na maƙwabta da ya bazu a Amurka daga 1972, ya shiga Ingila a 1982 ta wani ƙauye mai suna Mollington, a kan wannan tunanin ya ginu. Da wasu masana uku, Bennett da Holloway da Farrington, suka tattara binciken da aka yi a kansa a 2008, sun ga laifuka sun ragu da kashi 16 zuwa 26 cikin ɗari a wuraren da ake yin sa. Ragi ne mai ma'ana, amma ba mu'ujiza ba ne. Akasarin waɗancan ƙungiyoyin ma ba sa riƙe ko sanda. Aikinsu su gani su kira, domin idan sun kira ana zuwa. A nan ne namu ya bambanta: mutum zai iya kira a ce masa babu mai a mota. Duk matsalolin sintirinmu daga wannan giɓin suke ɓullowa, domin wanda ya kama ɓarawo ƙarfe biyun dare, ya san babu mai zuwa, zuciya za ta raya masa ya zama ɗan sanda da alƙali a lokaci guda.

Saboda haka aikin farko ba sayen gora ba ne. Aikin farko a ɗauki littafi a bi gida-gida. Gidan wane ne, mutum nawa ke ciki, wane ne ɗan haya, wane dillali ya kawo shi, wane kango ne ba kowa kuma ina mai shi. Aiki ne mai cin rai, wasu za su ɗaure fuska, amma shi ne ke mayar da tarin gidaje ya zama unguwa. Kada kuma a fara da unguwa sukutum. Layi ɗaya ko biyu, gidajen da mutum zai iya zagayawa da ƙafa a cikin minti goma sha biyar, waɗanda mazaunansu ke haɗuwa a masallaci ɗaya ko wajen mai shayi ɗaya, su ne gwargwadon da sanayya ke iya riƙewa.

Sai a duba waɗanda ke zama a kwamiti. An saba a tara masu gida, attajirin layi, liman da tsohon ma'aikaci, a ce an gama. To amma wa ya fi sanin abin da ke faruwa a layi? Da hantsi maza sun watse kasuwa da ofis, mata ne a gida. Su ke jin dirar mutum a bayan katanga, su suka san yaron da ya fara dawowa idonsa jajir, su ake kai wa atamfa da tukunyar gas a farashin da bai yi kama da na halal ba. Ƙungiyar da ba ta da hanyar jin ta bakin mata, ko ta wakiliya ko ta malamar Islamiyya, ta rufe ido ɗaya da kanta. Haka mai shayi da ke kai wa ɗayan dare, mai cajin waya, da direban adaidaita da ke fita kafin Asuba. Haka 'yan haya, waɗanda ake karɓar kuɗinsu amma ba a gayyatarsu taro. Idan a layin akwai wanda ba Bahaushe ba ko ba Musulmi ba, kujerarsa a kwamiti wajibi ce, domin ranar da zargi ya tashi shi ne zai fara faɗa wa idan ba a san shi ba.

Maganar kuɗi ce ke kashe mafi yawan ƙungiyoyi, kuma lissafinta ba shi da wuya. A ce gida 80 ne, an yanke naira 2,000 a wata. Idan kowa ya biya, an tara 160,000. A raba wa 'yan sintiri shida, kowa bai kai ga 27,000 ba, tun kafin a sayi batir ko a gyara ƙofa, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar tun 2024 naira 70,000 ne. Kuma ba kowa ke biya ba. Da zarar an yi wata biyu ba a yi sata ba, sai wasu su fara cewa ai lafiya lau ake, me za a biya? Nasarar ƙungiyar ita ke janye mata kuɗi. Idan rabi suka daina, mutumin da ya kwana a tsaye cikin sanyin hunturu zai tashi da abin da bai kai 14,000 ba a wata. Mai iyali ne. Ga shi da sanda a hannu, ga ƙofar layi a ƙarƙashin ikonsa. Ba sai an yi duba ba: zai fara karɓar na goro a hannun mai shigowa da dare, daga nan ya koma cin tarar wanda aka kama, daga nan kuma wata rana mai sayar da ƙwaya ya fi unguwa biyan sa.

Maganin wannan ba wa'azi ba ne. Mai riƙe da sanda kada ya riƙe kuɗi. Ma'aji daban, mai karɓa daban, kowane biya da rasit, sannan duk ƙarshen wata a manna takarda a bangon masallaci: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Na fi yarda da wannan takardar fiye da rantsuwar kowa, domin ita ke kashe gulmar "ina kuɗinmu ke tafiya" tun kafin ta yi ƙafa. A yafe wa gwauruwa mai marayu da tsohon da ba shi da mai taimako, a rubuta cewa an yafe, kada a bar su suna ɓuya idan mai karɓa ya zo. Masu shaguna da makarantun kuɗi su biya fiye da gida. Inda kuɗin ba zai ɗauki mutum shida ba, gara a ɗauki uku a biya su da mutunci, magidanta su riƙa karɓa-karɓa suna cike gurbi. Wani kason kuma ya tafi ga abin da ba ya neman albashi: fitilar sola a lungun da ya fi duhu, sare ciyawar kango, toshe ɓarauniyar hanyar da ke ɓullewa bayan makabarta.

Zaɓen su wane ne za su yi sintirin ma yana buƙatar natsuwa. Akwai ra'ayin da ke cewa a ɗauki tubabben ɗan daba, tunda shi ya san hanyoyinsu. A Kano an ga irin muhawarar da wannan ya tayar a 2023, lokacin da aka ɗauki wasu tubabbu aikin 'yan sandan sa-kai. Ni ban ce a rufe ƙofar tuba ba, samun abin yi na cikin abin da ke tabbatar da ita. Amma kowane ɗan sintiri, tubabbe ko ba tubabbe ba, ya zo da mutum biyu masu gida a unguwar da za su tsaya masa, a kai sunansa da hotonsa ofishin 'yan sanda, kada kuma a bar shi shi kaɗai a bakin ƙofa.

Yanzu ga wurin da ya fi kowane haɗari. Ƙarfe biyu da rabi na dare, usur ya tashi, an rutsa wani saurayi a lungu da injin ban ruwa a kafaɗa. Cikin minti biyar mutum talatin sun fito, wasu ba riga, wani da taɓarya, wani da bulo. Waɗanda suka zo daga baya ba su ga komai ba, ihu kawai suka ji, kuma su ne suka fi zafin hannu. Wanda aka yi wa sata bara yana ganin yau ce ranarsa. A wannan lokacin aikin ɗan sintiri na gaskiya ya juye: shi ne zai tsaya tsakanin jama'a da wanda ya kama. Idan ba a riga an zauna an ce wane ne zai kira baturen 'yan sanda, wane ɗaki za a saka mutumin a kulle, wane dattijo ne zai tsaya a bakin ƙofar, motar wa za a ɗauka, to babu wanda zai iya tsara hakan a tsakiyar ihu.

Doka ta ba kowane mutum damar kama wanda ya aikata laifi a gabansa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da irinta da jihohi suka yi, ciki har da ta Kano ta 2019, sun amince da haka, da sharaɗin a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba su ba da damar duka don ya amsa laifi ba, ko tsare shi kwana biyu a ofishin sintiri, ko aske masa kai a zaga gari da shi. Idan ya mutu a hannu, sashe na 221 na Final Kod (kundin dokokin laifuka na Arewa), wanda ya shafi kisan kai, shi ne ke jiran waɗanda suka sa hannu, ba kuma zai tambayi ko mamacin ɓarawo ne ba. Shari'ar Musulunci ma da ake yawan fakewa da ita ba ta san hukuncin titi ba, sai a gaban alƙali da shaidu.

Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a ba mu labarin inda wannan hanyar ke kaiwa. A watan Maris na 2025, 'yan sintiri a Uromi ta Jihar Edo suka tare motar da ke ɗauke da mafarauta masu dawowa Kano yin Sallah. An ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe mutum 16. Mun yi kuka, kuma kukan na kan hanya. Amma abin da ya faru a can shi ne abin da ke iya faruwa a kowane lungu namu: baƙon da ba a sani ba, zargi, taron jama'a, da 'yan sintirin da ba su ɗauki kare ran wanda suka kama a matsayin aikinsu ba. A gida kuma mun ga yadda 'yan sa-kai a Zamfara da Sakkwato suka riƙa kashe Fulani a kasuwanni bisa zargi, ramuwar gayya ta biyo baya a kan ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba. A watan Oktoban 2021, bayan kisan da 'yan sa-kai suka yi a kasuwar Mamande ta Jihar Sakkwato, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. Waɗanda suka fara sa-kai ba da niyyar haka suka fara ba. Satar shanu ce ta ishe su, hukuma kuma ta yi nisa.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba ta banza ba ce: mun kai ɓarawo wurin 'yan sanda, kafin mu dawo gida ya riga mu. Wannan takaicin gaskiya ne. Sai dai wani ɓangarensa daga gare mu yake. Beli haƙƙi ne a yawancin laifuka, kuma Kundin Tsarin Mulki ya hana tsare mutum fiye da kwana ɗaya ko biyu ba a kai shi kotu ba. Idan aka kai ɓarawo caji ofis kowa ya watse, wanda aka yi wa satar ya ƙi rubuta bayani, ranar zaman kotu babu shaida ko ɗaya, me alƙali zai yi? Ƙungiya mai hankali takan ware mutum biyu masu haƙuri da ɗan ilimi, aikinsu bin shari'a kawai: su san lambar ƙara, su san ɗan sandan da ke bincike, su raka shaidu kotu da kuɗin motar asusu, don kada mutum ɗaya ya zama shi kaɗai 'yan daba suka sani. Ƙofar shiga wurin hukuma ma a buɗe take. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, yana nan tun 1984, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma har zuwa matakin ofishin yanki. Ƙungiyar da baturen 'yan sanda ya san shugabanninta tun ana zaman lafiya ba ɗaya take da wadda ya fara jin sunanta ranar da aka kawo masa gawa ba.

Idan ƙungiya ta tsallake shekara guda, sai maganar girma ta taso, kuma a nan ake yawan ɓata rawa da tsalle. A tunanin mutane girma shi ne kaki, muƙamai irin na soja, ofis mai ɗakin tsare mutane, sai bindigar toka. Ana kwaikwayon abin da ake gani a sama: 'yan ƙato da gora na Maiduguri da suka tashi a 2013, jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Katsina a watan Oktoban 2023, Askarawan Zamfara na Janairun 2024. Waɗannan gwamnati ce ta tsaya musu, don fuskantar masu ɗauke da manyan makamai, kuma duk da horo da albashi ba su tsira daga ƙorafin wuce gona da iri ba. Kwamitin layi da ke fama da ɓarayin mita da masu ƙwacen waya ba shi da dalilin ɗaukar siffarsu.

Girman da ke amfani shi ne yaɗuwa. Idan layinku ya yi tsauri, ɓarawo layin baya zai koma, don haka ribarku ce ku taimaka wa maƙwabta su kafa nasu, da littafinsu da ma'ajinsu, ba ku haɗiye su ba. Shugabannin layuka su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, su yi musayar labari, su je wurin hukuma da murya ɗaya. Zauren WhatsApp na taimakawa matuƙa idan an tsare shi: abin da ka gani da idonka, a ina, ƙarfe nawa. Ban da hoton wani da sunan ɓarawo, ban da saƙon da aka turo daga wani gari. Ƙofofin layi kuma a tuna akwai mai naƙuda da mara lafiya da motar kashe gobara, mai mukulli ya kasance a wurin ko da yaushe.

Da ƙungiya ta yi suna, ɗan siyasa zai zo. Zai kawo babura biyu, tocila da rigunan ruwa masu hotonsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, askin kuwa ranar zaɓe ake yin sa, a bakin akwati. Kano ta san yadda 'yan banga suka koma 'yan jagaliya, Gombe ta san Kalare, Bauchi ta san Sara-suka. Ba a ce a ƙi gudummawa ba, unguwa na da haƙƙi a kan wanda ta zaɓa. Amma ta shigo ta hannun kwamiti, a rubuta ta a littafi, a karanta a taro, kada a sa kaya mai hoton kowa, kuma duk ɗan sintirin da ya shiga ayarin kamfe ya ajiye usur ɗinsa tukuna.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne ɓarawon gida. Ana kafa ƙungiya da tunanin mugu daga waje yake zuwa, amma duk wanda ya yi sintiri na 'yan watanni ya san sau da yawa wanda ya nuna gidan, ko ya haura katangar, ɗan layin ne. An san uwarsa, an ci tuwon sunansa. Ranar da aka kama ɗan mai ƙaramin ƙarfi aka miƙa shi, sannan aka kama ɗan Alhaji aka ce a rufa asiri a kashe maganar a zaure, ranar ƙungiyar ta rasa bakin magana, ko da ta ci gaba da busa usur. Sulhu na da wurinsa, kuma na fi son sa ga yaron da ya fara ɗauke-ɗauke: a kira mahaifinsa, a mayar da kaya, a haɗa shi da mai gareji ko tela ya koyi sana'a, a sa masa ido. Kai irin wannan yaron gidan yari sau da yawa ƙwararre yake dawo da shi. Amma a ja layi a fili: wanda ya zare makami, wanda ya ji wa wani rauni, wanda ya taɓa yarinya ko yaro, mai sayar da ƙwaya, da mai sayen kayan sata, waɗannan ba a sulhunta su a unguwa, ko ɗan wane ne. Idan an rubuta haka tun farko, shugaban kwamiti da liman da mai unguwa suka fara sa hannu kafin kowa, to ranar da abin ya faɗo kan ɗan ɗayansu, sakatare zai iya ɗauko takardar ya karanta a gaban jama'a, sannan ya kira baturen 'yan sanda.